Uwargida, Kwantar Da Ciwo Daban, Warkar Da Gyambon Ciki Daban

Yau ina so ki ɗan jingine muciya, ki gyara zama, domin za mu tattauna ne a kan wani ciwo wanda da wuya a sami gidan da ba a taɓa ambatonsa ba, tun daga Funtuwa da Dandume har Bakori da Malumfashi, watau gyambon ciki, wanda galibin mutane suka fi sani da olsa.

Kin dai san yadda abin yakan faru. Maigida ya yi sammako ya tafi gonar masara ko ta auduga, bai sa kome a bakinsa ba sai ɓarin goro. Ya dawo da la'asar jiki duk ya yi tsami, a aiki yaro kemis ya sayo maganin gajiya. Can cikin dare sai ki ji ya tashi zaune yana dafe da ƙahon zuciya, ya ce ciki yana ci masa kamar an hura wuta. Ke kuma saboda tausayi sai ki buɗe kwalla, ki ɗauko 'yar ƙwayar nan da ta taɓa yi miki maganin murɗawar ciki, ki miƙa masa. Ya sha, ciwo ya lafa, barci ya ɗauke shi, kowa ya ce alhamdu lillahi. Bayan sati uku ko wata guda kuma a koma gidan jiya.

To, 'yar'uwa, a kan wannan 'yar ƙwaya da danginta maganarmu ta yau take. Ke ce likitar farko a gidanki, hannunki ne yake miƙa magani ga miji da 'ya'ya da surukai. Saboda haka ya kamata ki san abin da ƙwayar take yi, da abin da ba za ta taɓa yi ba. Zan rubuta sunayen magungunan yadda suke a jikin kwali, don ki gane su in kin gani.

MENE NE GYAMBON CIKI?

Duk wadda ta taɓa wanke kayan ciki ta san tumbi, ta san kuma yauƙin da ke manne a jikinsa. Tumbin ɗan Adam yana fitar da wani ruwa mai tsananin tsami, wanda ake kira asid, don narkar da abinci. Ƙarfin wannan ruwa ya isa ya ci naman tumbin kansa, sai Allah cikin ikonsa ya yi wa tumbin yaɓe da wannan yauƙi, kamar yadda ake yi wa katanga yaɓen makuba don kada ruwan sama ya zaizaye ta. In yaɓen ya sami rauni a wani wuri, sai asid ya shiga ya ƙwaƙule nama ya yi miki. Wannan mikin shi ne gyambo. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wurare biyu gyambon ya fi fitowa: a cikin tumbin kansa, ko kuma a bakin ƙaramin hanji, inda abinci yake fara sauka in ya bar tumbi. Na bakin hanji ya fi tashi in ciki ya zama wayam, ko da tsakar dare, in an ɗan ci abinci kuma ya lafa. Na tumbi kuwa sau da yawa bayan cin abinci yake motsawa.

ƊAN AIKEN DA AKE TAREWA A ZAURE

Kin lura in kina soya albasa, tun ba a kai lomar farko ba yawu yakan cika bakin yara? Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya da ƙirji ta sauka ciki. Ita ce take kai labari cewa abinci yana tafe. Jijiyar tana da ɗan aike, wani sinadari da likitoci suke kira asetilkolin. Da ya isa sai ya ce wa tumbi, fitar da asid. Ya ce wa hanji, motsa.

Magungunan da muke magana a kansu aikinsu shi ne su tare wannan ɗan aike a zaure, su hana shi isar da saƙo. Don haka ne likitoci suke kiran danginsu antikolinajik, watau masu hana asetilkolin aiki. In saƙo bai isa ba, asid yakan ɗan ragu, hanji ya sassauta murɗawa, mai ciwo ya sami sauƙi.

Kakan wannan dangi shi ne atropine, wanda ake samu daga wani tsiro na ƙasar Turai mai suna belladonna. Ma'anar sunan da Italiyanci ita ce kyakkyawar mace, domin an ce matan can a zamanin da sukan ɗiga ruwansa a ido, ƙwayar idon ta buɗe, kamar yadda mu muke rangaɗa kwalli. Daga baya masana suka harhaɗa wasu a ɗakin bincike. Cikin shekarun 1950 aka fito da propantheline a Amurka, da sunan Pro-Banthine, aka kuma fito da hyoscine butylbromide a Jamus, wanda kika sani da Buscopan.

ZAMANIN DA SUKE TASHE

Kada ki ce likitocin da ba su san abin da suke yi ba. A wancan lokaci abin da aka ɗauka shi ne, asid shi kaɗai ne mai laifi, kuma damuwa da yunwa da yaji su suke jawo shi. A farkon shekarun 1970, sa'ad da asibitin Malumfashi yake ɗaya daga cikin rassan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, abubuwan da likitoci suka fi dogara da su guda uku ne. Akwai farin maganin ruwa mai kashe tsamin ciki, wanda wani lokaci akan gauraya shi da ruwan belladonna. Akwai waɗannan ƙwayoyi masu tare ɗan aike. In duk sun kāsa, sai a yi wa mutum aiki, a yanke jijiyar da kanta, ko a cire wani sashe na tumbi. Tambayi kakanninki, mai yiwuwa ne su tuna da wani dattijo mai dogon tabo a ciki.

To amma ƙwayoyin suna da wani babban aibi. Ɗan aiken nan ba gida ɗaya yake zuwa ba. Shi ne yake kai saƙo ga yawu, da gumi, da ido, da mafitsara, da zuciya. In kin tare shi a zaure, duk gidajen nan sun rasa saƙo. Saboda haka kafin a sha adadin da zai rage asid sosai, sai baki ya bushe ƙamas, gani ya yi dishi-dishi har mace ta kasa zura zare a allura, bayan gida ya ƙi fita, fitsari ya yi gardama, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Likitocin wancan zamani har sukan riƙa ƙara yawan maganin kaɗan-kaɗan sai mai ciwo ya ce bakinsa ya fara bushewa, sa'an nan su tsaya. Duk da wannan wahala, gyambon yakan dawo.

ƊAN'UWANSU YANA BAYAN GIDANKI

In kina so ki ga iyakar ƙarfin wannan dangi, ba sai kin je Turai ba. Dubi zaƙami, wanda ake yi wa laƙabi da haukata-yaro, mai farin fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya, wanda yake fitowa a juji da kangaye. Sinadaran da ke cikinsa su ne atropine da hyoscine da 'yan'uwansu. Wanda ya sha zaƙami bakinsa yakan bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, jikinsa ya yi zafi rau babu gumi, ya riƙa sambatu yana kame-kamen abin da babu. Wani fitsari ya ɗaure masa, wani kuma ya rasa ransa.

Ba ina nufin ƙwayar asibiti za ta haukata wanda ya sha ta bisa ƙa'ida ba. An auna ta, an kuma sarrafa irin su Buscopan yadda kaɗan ne ƙwarai yake shiga jini. Abin da nake so ki riƙe shi ne, dangin magani ne mai ƙarfi, ba alewa ba ce da za a riƙa miƙa wa maƙwabta ta kan katanga. Kuma in wani ya kawo miki jiƙon da aka sa zaƙami a ciki da sunan maganin olsa, ki zubar. In kin ga tsiron a inda yara suke wasa, sa a tuge shi.

YADDA AKA GANO MAI LAIFI

A shekarar 1976 aka fito da cimetidine a Ingila, da sunan Tagamet, wanda yake rage asid ba tare da busar da baki ba. A 1988 kuma omeprazole ya fito daga ƙasar Suwidin, shi kuwa ya fi duk na baya ƙarfi, domin famfon da ke fitar da asid ɗin yake rufewa. Daga nan tauraron masu tare ɗan aike ya dushe. A yau ba su cikin magungunan da ake dogara da su wajen warkar da gyambon ciki.

Amma babban labari daga birnin Perth na ƙasar Ostareliya ya zo. A 1982 wasu likitoci biyu, Robin Warren da Barry Marshall, suka tabbatar cewa akwai wata ƙwayar cuta mai lanƙwasa da take zaune a ƙarƙashin yauƙin tumbi, tana raunana shi. Sunanta Helicobacter pylori. Da farko manyan likitoci ba su yarda ba, suka ce babu abin da zai rayu cikin asid. A 1984 Marshall ya ɗebi ƙwayoyin cutar ya shanye da kansa, bayan 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura ya kama amai. A 2005 aka ba su biyun kyautar Nobel saboda wannan aiki.

Ashe gara ce take cin katangar daga ciki. Rage ruwan sama ba zai hana ta faɗuwa ba muddin garar tana nan. Wannan ƙwayar cuta kuwa ta yawaita a ƙasarmu. Wani bincike da aka yi a Jihar Barno, aka buga a 1992, ya sami alamarta a jinin fiye da mutum 80 cikin 100 na waɗanda aka gwada. Galibi tun ana yara ake ɗaukarta, ta hanyar baki, da ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa. Kada hankalinki ya tashi, yawancin masu ɗauke da ita ba sa yin gyambo har abada. Kimanin mutum 1 ko 2 cikin 10 ne take yi wa wannan ɓarna.

Mai laifi na biyu kuwa shi ne wanda muka aiki yaro ya sayo da la'asar. Magungunan ciwon jiki irin su asfirin, da ibuprofen, da diclofenac, da piroxicam suna rage yaɓen tumbi. Haɗin da ake ƙullawa a leda a ce maganin gajiya sau da yawa akwai ɗaya ko biyu daga cikinsu, haka nan garin maganin ciwon kai da ake sayarwa a 'yar takarda yakan ƙunshi asfirin. Manomin da yake shan su kullum tun daga sharar gona har tsinkar auduga, ko tsohuwar da take shan su don ciwon gwiwa, suna haƙa wa cikinsu rami ne ba su sani ba. Yaji da yunwa da damuwa suna iya tayar da ciwo, amma ba su ne tushensa ba. Taba kuwa tana hana gyambo warkewa da wuri.

TO, BA SU DA SAURAN AMFANI KE NAN?

Suna da shi, amma kowane allazi da nasa amanu. Likita yakan ba da hyoscine na 'yan kwanaki don murɗawar hanji. Ana ɗiga dangin atropine a ido in za a duba cikinsa. Kuma a wannan yanki namu na noma, allurar atropine ita ce take ceton ran wanda wani nau'in maganin feshi na kashe ƙwari ya shiga jikinsa. Duk waɗannan a hannun ma'aikacin asibiti suke. Abin da ba sa yi shi ne kashe ƙwayar cutar tumbi ko haɗe bakin gyambo. Hasali ma, rufe bakin ciwon da suke yi shi yakan sa a yi jinkirin zuwa asibiti har abu ya ɓaci.

Ga waɗanda bai kamata ki miƙa musu irin wannan ƙwaya ba sam, sai da izinin likita:

Na ɗaya, mai zuwa gona da bazara. Gumi shi ne yake sanyaya jiki, waɗannan magunguna kuwa suna rage shi. Mutumin da yake sharar gona cikin ranar watan Afrilu, jikinsa ba ya gumi yadda ya kamata, zafi yana iya taruwa masa har ya yanke jiki ya faɗi.

Na biyu, dattijon da fitsari yake yi masa wuyar fita saboda kumburin furostet. Ƙwayar tana iya ɗaure fitsarin gaba ɗaya, sai an sa masa roba.

Na uku, mai ciwon idon nan da ake kira gilakoma, da mai ciwon zuciya ko yawan bugunta. Allurar ta fi ƙwayar haɗari ga mai ciwon zuciya, don haka kada a kira mai allura gida.

Na huɗu, yaro ƙarami, musamman mai zazzaɓi, da tsofaffi tukuf, waɗanda wasu daga cikin magungunan sukan rikita wa tunani.

Na biyar, mai juna biyu, da mai shayarwa, domin suna iya rage ruwan nono.

Na shida, wanda yake aman abincin da ya ci tun jiya. Wannan alama ce ta cewa tsohon gyambo ya ƙuntata mafitar tumbi, maganin da ke rage motsin ciki kuwa ƙara toshe ta zai yi.

HANYAR WARKEWA

Da farko a tabbatar gyambon ne. Ba kowane ciwon ciki ba ne olsa. Akwai ƙwarnafi, akwai tsakuwar matsarmama, har ciwon zuciya yakan ɓuya a ƙahon zuciya. A fara da asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi. Ana gano ƙwayar cutar ta gwajin bayan gida ko na numfashi. In likita ya ga da bukatar a leƙa tumbin da na'ura, zai tura ku gaba, kamar asibitin koyarwa na Shika da ke kan hanyar Zariya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ki tattara duk magungunan da maigida yake sha, har da ƙullin ledar kemis da jiƙe-jiƙe, a nuna wa likita, domin wasunsu suna ɓata sakamakon gwaji.

In an sami ƙwayar cutar, akan haɗa maganin rage asid irin su omeprazole da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu ko fiye, a sha kwana 10 zuwa 14 ba fashi. Nan ne aikinki yake, uwargida. Bayan kwana uku ko huɗu zai ce ya warke, baki kuma yana yi masa ɗaci. Ki lallashe shi ya shanye, domin in an yanke a tsakiya ƙwayar cutar takan saba da maganin, ta dawo da taurin kai. Likita yana iya ci gaba da maganin rage asid har sati 4 zuwa 8, a kuma sake gwaji bayan wata guda da gama maganin don a tabbata ta mutu.

Na san za ki ce kuɗi. Gaskiya ne, amma ki lissafa abin da ake kai wa kemis shekara da shekaru, da ranakun aikin da ciwo yake cinyewa a tsakiyar damina. In an sayar da amfanin gona da kaka, a ware na asibiti tun kafin a shiga hidimar bukukuwa. Wanda ya san yana da ciwon kuma ya ga likita tun watan azumi bai kama ba, a tsara masa lokutan shan magani, a gaya masa ko jikinsa zai iya.

Madara da ruwan kanwa suna kwantar da zafi na ɗan lokaci ne kurum. Madara takan sa tumbi ya ƙara fitar da asid daga baya, kanwa kuma gishirinta yana da yawa, ba ta dace da mai hawan jini ba.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ki buɗe kwalla, a nemi mota ko da tsakar dare ne: aman jini, ko amai baƙi-baƙi mai gari-gari, bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, mai mugun wari, ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ciki ya ƙage kamar katako, wanda alama ce ta gyambo ya huda, jiri da farin ido da kasala, rama ba dalili, ko abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji. Ki sani dai, maganin ƙarin jini da ake ba mu wurin awo shi ma yakan sa bayan gida ya yi duhu, amma in akwai jiri ko ciwon ciki tare da shi, a je a duba.

KU KUMA 'YAN MAKARANTA

'Ya'yana na makarantun kwana, na Bakori ne ko na Malumfashi, na san abin da ke cikin akwatunanku. In ciwon mara ya zo, wannan ta ba waccan ƙwaya, wata ma ta haɗa iri biyu ko uku ta sha ba ta karya ba. Ibuprofen da danginsa suna maganin ciwon mara, amma a sha iri ɗaya kawai, bayan an ci abinci, na kwana biyu ko uku, yadda malamar asibitin makaranta ta faɗa. Wadda aka taɓa tabbatar mata da gyambo ta guje su, ta tsaya ga paracetamol har ta ga likita. Kuma kada ki ce kina da olsa don kawai ciki ya yi ƙugi kafin a kaɗa ƙararrawar abinci. In ciwo ya nace, a gaya wa Mama a je a gwada.

Daga ƙarshe, tsabta ita ce rigakafi: wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayi da kuma kafin a taɓa abinci, rufe randa, da barin al'adar tauna wa jariri abinci a ba shi. Yau da dare in kin gama shirya yara, ki buɗe kwallar nan ki duba abin da ke ciki, ki karanta sunayen. Wanda ba ki san shi ba, ki kai asibiti ki tambaya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya a gidajenmu, amin. Sai mun sake saduwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.